Koyon Rubuta Waƙar Hausa: Tambayoyin da Masu Farawa Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ba sa ƙarewa a bakin masu koyon rubutacciyar waƙa, ɗalibai ne ko 'yan kasuwa, matan aure ko samarin da ke zarya a situdiyo. An jero su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi, kuma inda wata amsa ta jingina da wata an nuna lambarta.

1. Waƙa baiwa ce, ko koyonta ake yi?

Duka biyun ne, sai dai rabon koyo ya fi yawa nesa ba kusa ba. Baiwar ita ce kunne da son magana: yaron da kalma ke yi wa daɗi tun bai san ma'anarta ba, yarinyar da za ta ji waƙar gaɗa sau ɗaya ta riƙe ta. Masu wannan suna da yawa a kowace unguwa. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mai zama ya yi ta yi shekara da shekaru, ko ana yabo ko ba a yi.

Dubi makaɗan baka, waɗanda aka fi jingina wa baiwa. Musa Ɗanƙwairo Maradun da amshi ya fara a ƙungiyar gidansu, a bayan yayansa Kurna, kafin ya zama shugaban kansa. Aikin ɗan amshi kuwa maimaici ne, yau da gobe, har sai tafiyar waƙa ta zauna masa a jiki. Duk wanda ya ce maka shi bai taɓa koyo ba, tambaye shi abin da ya tashi yana ji a gidansu da makarantar allonsu. A nan ya yi karatun, bai dai san sunansa karatu ba ne.

2. Malam, ina sha'awa amma ban san ta inda zan fara ba.

Fara da baki kafin alƙalami. Zaɓi waƙa ɗaya ta magabata wadda ke yi maka daɗi, ka haddace baiti ashirin daga ciki, ka riƙa rera su da murya a fili, ba karatun zuci ba. In sun zauna, cire kalmomin ka bar raujin kawai, wato sautin da ake rera su da shi, kana guna da shi a hanya ko a bakin aiki. Daga nan ka zuba naka kalmomin a kan raujin nan, ko da maganar cefane ce. Wannan ita ce waƙarka ta farko, kuma ba ta nuna wa kowa ba ce.

Mai farawa ya tsaya a ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango (layi) biyu. Ƙwar biyar tana da kwarjini, amma tana neman amsa-amo iri biyu a lokaci guda (duba ta 5), kuma wanda bai iya riƙe ɗango biyu ba, biyar za su watse masa.

3. Mene ne kari? Dole sai na san aruli kafin in yi waƙa?

Kari shi ne ma'aunin da ke sa ɗango ya zauna daram a baki. Da nauyin gaɓa ake gina shi. Gaɓar Hausa iri biyu ce: marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, kamar *gi* a cikin *gida*, da mai nauyi, wadda wasalinta dogo ne ko ta ƙare da baƙi, kamar *da* a cikin *gida* ko *han* a cikin *hanya*. Idan aka jera su bisa wani tsari mai maimaita kansa, an sami kari. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ya tsara karuruwan waƙar Larabci guda 15, daga baya aka ƙara na 16, Mutadarak. Malamanmu sun ɗauko da dama daga ciki sun ɗora wa Hausa, irin su Kamil da Mutadarak da Mutaƙarab da Basiɗ da Ɗawil, kuma sun zauna mata saboda ita ma tana bambanta dogon wasali da gajere.

Ga misali. Rera wannan ɗango: *Idan ka yi girbi ka koma gida.* Yanzu yanka shi: i-dan-ka / yi-gir-bi / ka-ko-ma / gi-da. Kowace ƙafa gaɓa marar nauyi ɗaya ce sai masu nauyi biyu, ta ƙarshe ce kawai aka gutsure. Mutaƙarab ke nan. To, mai koyo yakan rubuta: *Idan ka gama girbi sai ka koma gida.* Ma'ana ɗaya ce, Hausar ma ba laifi, amma *gama* ta kawo gaɓoɓi marasa nauyi biyu inda ake son ɗaya, *sai* kuma ta tsoma baki inda ba a gayyace ta ba. Rera shi a kan raujin na farko ka ji yadda harshe ke tuntuɓe. Abin da ake kira karyewar kari ke nan.

Game da aruli, wato ilimin nan na auna karuruwan waƙa, ba sharaɗi ba ne a ranar farko. Wanda ya tashi yana jin Burda da Ishiriniya a watan Maulidi, Basiɗ da Ɗawil suna kunnensa ko bai san sunansu ba. Amfanin ilimin yana zuwa ne ranar da kunne ya ce akwai matsala amma ya kasa nuna wurin. A nan yanka ɗango ƙafa-ƙafa ke fitar da kai. Don haka a koye shi, amma bayan an yi hadda, ba kafin ba. Na sha ganin ɗaliban da za su lissafo maka zihafi da illa, wato sauye-sauyen da ke shiga ƙafafun kari, tiryan-tiryan, amma a ba su alƙalami su kasa haɗa baiti uku masu rai.

4. Ta yaya zan gane nauyin gaɓa, tunda rubutun boko ba ya nunawa?

Nan ne boko ya rage mu. A ajami ana nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya, saboda haka marubutan da suka yi aiki da shi suna ganin nauyin gaɓa a kan takarda. A boko kuwa *fara* ta launi da *fara* mai cin amfanin gona rubutunsu ɗaya, alhali gaɓar farko ta ɗaya gajera ce, ta ɗayar doguwa. A ɗangon da ke amsa ta 3 ma *ka* biyu ne, na farko dogo, na biyu gajere.

Dabarar ita ce a daftarinka, ba a wanda za ka fitar ba, ka riƙa ninka dogon wasali: *Idan kaa yi girbii ka koomaa gidaa.* Wata biyu kana haka, ido zai koyi abin da kunne ya riga ya sani. In ka yi shakkar wata kalma, furta ta a cikin jimla a hankali, ko ka duba ƙamus mai nuna tsawon wasali, irin na Bargery na 1934. Gaɓar ƙarshen ɗango kada ta dame ka, mai nauyi ake ɗaukarta ko yaya take.

5. Amsa-amo yana sa ni faɗin abin da ban yi niyya ba. Ina mafita?

Wannan ciwon kowa ne. Da farko a san cewa a tsarin magabata amsa-amo gaɓa ce sukutum, baƙi da wasalinsa: *gida, guda, gada, ƙuda*. Ba wasalin ƙarshe kawai ba, don in haka ne rabin kalmomin Hausa da *a* suke ƙarewa, ba a yi aikin komai ba. Akwai babban amsa-amo, wanda ke rufe kowane baiti tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, akwai kuma ƙarami, wanda ɗangogin cikin baiti ke tarayya a kai, yana canzawa daga baiti zuwa baiti.

Tun kafin ka fara, auna arzikin gaɓar da za ka ɗauka. *Ya* da *wa* da *na* da *ra* suna da 'ya'ya da yawa. Sa'adu Zungur ya ja doguwar waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya a kan *ya* ba tare da ta ƙare masa ba. In ka ɗauki gaɓa matalauciya, a baiti na bakwai za ka fara kame-kame. Rubuta kalmomi talatin ko arba'in masu gaɓar a gefen takarda, ka soke waɗanda ba su da alaƙa da jigonka. Sannan ka riƙa fara gina ɗangon ƙarshe na baiti, inda nauyin magana yake, kafin ka koma ka yi masa shimfiɗa.

Abin da za ka yi yaƙi da shi shi ne ciko: *ka jiya, ɗan'uwa, ba shakka, haƙiƙa, ku saurara*. Manya ma sun yi amfani da su, ba haramun ba ne. Amma in ka ga a baiti goma ka kira ɗan'uwa sau shida, ba ɗan'uwan kake nema ba, rami kake cikewa. Gwaji mai sauƙi: karanta baitin kamar maganar yau da kullum. Duk kalmar da za ka ji kunyar faɗa a hira saboda ba ta ƙara komai ba, amsa-amo ne ya kawo ta, ba kai ba.

6. Kullum zan riƙa rubutu, ko in jira sai abin ya zo mini?

Kullum, ko kusan kullum. Baiti biyu a rana sun isa, bayan asuba ko bayan isha'i, duk lokacin da ka san ba a cika nemanka ba. Yawancinsu ba za su yi kyau ba, kuma ba don kyau ake yin su ba. Ana yi ne don ranar da abin zai zo da gaske, rasuwa ko haihuwa ko wani baƙin ciki na gari, ya tarar da hannu a shirye. Mai jiran ilhama in ta zo yakan ɓata ta wajen kokawa da kari.

Ranar da kai ya toshe, ba wa kanka aiki ƙarami mai iyaka: baiti uku a kan mai shayin bakin layinku, ko ka juya wata waƙarka daga wani kari zuwa wani. Abu ɗaya kawai: abin da ka fara, ka kai shi ƙarshe, ko gajere ne. Kundi cike da mabuɗan waƙoƙi ba ya koya wa mutum yadda ake warware jigo, balle yadda ake rufewa.

7. Ni matar aure ce, ga yara ga girki. Anya zan iya?

Za ki iya, 'yar'uwa, don waƙa ba ta neman tebur. A ka ake haɗa ta, a baki ake gwada ta, kuma mata sun daɗe suna yin ta a bakin turmi da dutsen niƙa. In ɗango ya zo hannunki na cikin wanke-wanke, maimaita shi har ki samu ki ɗauke shi da muryarki a waya, da dare ki rubuta. Nana Asma'u (1793–1864) ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa tana riƙe da gida da ɗalibai, jajinta kuma, wato jagororin ƙungiyarta ta mata mai suna 'yan taru, suna haddacewa suna kai wa matan ƙauyuka. Shawarar da ke amsa ta 6 ta shafe ki, sai dai ki mai da ita baiti ɗaya in biyu sun yi yawa.

8. Ina kwaikwayon wani mawaƙi da nake so. Sata ce?

Ɗaukar rauji da tsarin baiti don koyo ba sata ba ce, hanya ce da kowa ya bi. Sata ita ce ka kwashi ɗangogin mutum ko hikimarsa ka sa sunanka. Magabata ma sun yi wa kwaikwayo ƙofa ta halas, wato tahamisi: ka ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ka ɗora masa naka uku a sama, ya zama ƙwar biyar, da karinsa da amsa-amonsa, kowa kuma ya san na wane ne tushe. Tabban Haƙiƙa haka ta iso mana: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi.

A ganina babu atisayen da ya kai tahamisi amfani ga mai koyo. Dole ka shiga tunanin wanda ya fi ka, ka yi magana da za ta gangara cikin tasa ba a ga tabo ba. In naka ɗangogin sun yi rauni, kusa da nasa za ka gani nan take, ba sai wani ya faɗa maka ba. Sai dai kada ka lizimci mutum ɗaya. Wanda Aƙilu Aliyu kaɗai yake karantawa zai fito da wasan kalmomi irin nasa ba tare da zurfin Hausarsa ba, abin ya zama kwalliya a kan babu.

9. Kalmomi suna ƙare mini, kullum abu ɗaya nake maimaitawa.

Saboda daga waƙoƙi kawai kake ɗibar kalmomi, shi ya sa kowa *zuciya, ƙauna, hawaye, rayuwa*. Je ka inda Hausa ke aiki. Zauna wurin maƙeri ka ji uwar maƙera da zuga-zugi da awartaki. Wurin mahauta, wurin masu awo, wurin tsohuwar da ke kaɗi da mazari. Riƙe ɗan littafi na kalmomi da karin magana, ka rubuta kowace tare da jimlar da ka ji ta a ciki, don kalmar da ba ka san mazauninta ba za ka sa ta inda za a yi maka dariya.

Karin harshenka ma dukiya ce. Basakkwace ko Bakatsine ko mutumin Damagaram ba sai ya zama Bakano kafin ya yi waƙa ba, kuma sau da yawa sigar garinku ce za ta zauna a kari inda daidaitacciyar Hausa ta ƙi. Kalmar aro da ta zama 'yar gida, irin su mota da asibiti da waya, a yi amfani da ita. Wadda ake ƙi ita ce wadda aka jawo don nuna an yi boko ko an yi Larabci.

10. Idan na gama waƙa, yaya zan gyara ta?

Ajiye ta mako guda tukuna. Ranar da aka gama waƙa ba a ganin aibinta. In ka dawo, bi ta sau uku, kowane bi da abin da yake nema. Na farko kari: rera ta ka ɗauka a waya, ka saurara, duk inda ka ji ka ja wata gaɓa ko ka haɗiye wata don ta shiga, sa alama (duba ta 3 da ta 4). Na biyu ciko, kamar yadda aka yi bayani a ta 5. Na uku jigo: kowane baiti ka tambaye shi me ya ƙara a kan na gabansa. In za a iya cire shi ba a ji giɓi ba, cire shi, ko da shi ne wanda ka fi so.

Gwajin da ya fi kowanne tsanani shi ne ka miƙa wa wani takardar ya rera, kai kana shiru. Kai ka san inda kake lallaɓa ɗango ya wuce, shi bai sani ba, zai faɗa ramin. Waƙa kamar zane ce a marina, ba a tsoma ɗaya take kama baba ba.

11. Wa zan nuna wa? Ina tsoron a kushe ni.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma a zaɓi wanda za a nuna wa. "Masha Allah, fasihi!" da ake zubawa a Facebook da WhatsApp yana da daɗi, ba ya gyara ɗango ko ɗaya. Nemi wanda zai sa yatsa ya ce nan kari ya karye, nan kuma ba haka Bahaushe ke faɗa ba: malamin Hausa a makarantarku, wani dattijo mai waƙa a unguwa, ko zaman karatu irin na ƙungiyoyin marubuta. Sassan koyar da Hausa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo cike suke da masana waƙa. Haɗuwar mawaƙa don sauraren juna ba sabon abu ba ne; a Kano an yi Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu.

In za ka kai wa babba, kai waƙa ɗaya gajera wadda ka riga ka gyara, ba kundi ba. Ka ce, "Malam, a duba mini kari," ko "a duba mini Hausar," don ya san abin da kake nema. In ya yi gyara kada ka tsaya kare kanka a gabansa. Yi godiya, ka je gida ka auna. Wani gyaran za ka ɗauka, wani ka bari.

12. Na shekara biyu ina yi, amma ji nake kamar baya nake komawa.

Galibi kunnenka ne ya riga hannunka girma. Da ba ka jin kurakuran, yanzu kana ji. Ɗauko waƙar da ka yi a watannin farko ka ajiye kusa da ta jiya, za ka ga tazarar. Shi ya sa ake son a riƙa sa kwanan wata a kowane daftari, kuma kada a yaga tsofaffi.

Wani lokaci kuma tsayawar ta gaske ce, don mutum ya samu kari ɗaya da jigo ɗaya ya kwanta a kansu. Maganinta a matsa wa kai: mai ƙwar biyu ya shiga ƙwar biyar, mai wa'azi ya gwada siffanta kasuwa ba tare da ya yi wa kowa nasiha ba, mai soyayya ya gwada marsiyya.

13. Ni waƙar situdiyo nake so. Duk wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka, sai dai a can kiɗa ne ma'auninka, ba aruli ba. Tsakanin waƙar baka da rubutacciya dama ba katanga ba ce. Aliyu Namangi na Zariya, wanda makaho ne, a ka yake tsara baitocinsa, kuma manazarta sun nuna cewa karin waƙarsa ta Imfiraji daga kiɗan Caji ya samo asali. Matsalar situdiyo ita ce tana rufa asiri: fiyano da gyaran murya na kwamfuta suna ɗauke raunin baiti, mai waƙa ya fita yana zaton ya yi abin kirki. Kashe kiɗan ka karanta kalmomin su kaɗai. In sun tsaya, to. Kuma ka shiga da rubutunka a gyare, don lokacin situdiyo kuɗi ne, ba wurin neman amsa-amo ba ne.

14. Yaushe zan fara fitar da waƙoƙina, kuma yaya zan kare su daga masu ɗauka?

Wadda ta wuce matakan amsa ta 10, wani masani kuma ya gani, ta isa fita. Diwani kuwa, wato littafin tarin waƙoƙinka, a dakata sai an tara abin da za a iya zubar da rabinsa a bar rabi. Kafin ka saki kowace, duba ƙa'idar rubutu: ƙ da ɗ da ɓ su fito da lanƙwasarsu, a raba *ya yi* da *ta ce*, don kuskuren raba kalma yana canza ma'ana, yana kuma rikita mai rerawa.

Batun ɗauka, magabata sun rigaye mu dabara. Sukan saka sunansu a baitocin rufewa, wasu har da garinsu da adadin baitoci da shekarar da aka yi waƙar ta hanyar ramzi, wato haruffa masu wakiltar lambobi, yadda duk mai kwafa dole ya kwafa da su ko a ga giɓi. Yi haka, ka sa sunan a cikin ɗango yadda kari zai riƙe shi, ba a ƙasan shafi kawai ba inda ake gogewa da yatsa ɗaya. Ka adana daftarinka na hannu masu kwanan wata, sannan ranar da za ka fitar da waƙa ka fitar da ita tare da muryarka kana rera ta.